Shirun Bayan La'asar

Laranto, Jos.

Yaya Hadiza,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, kin kuma fara sabawa da Alƙahira. Ya baƙunta, ya ɗalibai? Baba da Sadiya duk lafiya lau, sai kewarki.

Yaya, kin tuna yadda gidan nan yake yin tsit bayan la'asar idan kin buɗe kwamfuta kina koya wa Turawanki Hausa. To, shekaranjiya Sadiya tana daka a tsakar gida, sai Inna ta fito da sauri ta riƙe taɓaryar, ta ce, "Ke, ba ki da hankali? Malama tana darasi!" Sadiya ta ce, "Inna, wace malamar?" Inna ta dubi ƙofar ɗakinki, ta saki taɓaryar, ta koma ciki. Ranar ko tuwo ba ta ci ba.

Ba ta so ki sani. Ta ce kuɗin darasin da ƙyar yake isar ki haya da abinci, kada mu ɗora miki kira kullum. Amma ina da roƙo, in ba zai ɓata miki aiki ba. Ran da za ki yi darasi, ki kira wayar Baba, ki ajiye taki a gefe. Ba sai kin ce mana komai ba, Inna ta ji muryarki kawai. Mu dai mun iya yin shiru.

Ki gaida wadda kuke haya tare. Ki riƙa sa Inna a addu'a.

Ƙanwarki,
Maryam