Abin da Hoto Ya Nuna a Waldar Bututun Garo

Zuwa ga Mai Girma Injiniya,
Shugaban kamfanin da ke shimfiɗa bututun ruwa a yankin Garo, ƙaramar hukumar Kabo.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, da iyali da ma'aikata baki ɗaya. Yaya aiki, yaya haƙuri da jama'a? Allah ya taimaka.

Ranka ya daɗe, sunana Haladu Sale, mutumin Kutama. Walda ce sana'ata. Rumfata tana Gwarzo, inda nake haɗa garmar shanu da amalanke da ƙyauren gida. Ina cikin masu walda huɗu da kamfaninka ya ɗauka don haɗa manyan bututun ƙarfe da za su kai ruwa tanki. Na rubuto a fili ne domin a fili aka ɓata mini suna. Amma ba da fushi nake rubutu ba. An mayar da ni bakin aiki, hankalina a kwance yake. Akwai dai abubuwan da nake ganin ya kamata ka ji daga bakin wanda abin ya faɗa wa.

Na ɗaya. A tsakiyar daminar da ta wuce, masu hoto suka zo daga Kano da na'urarsu. Irin hoton da ake yi wa ƙashi a asibiti ne, sai dai wannan ƙarfe yake ratsawa. Suna naɗa fim a jikin mahaɗar bututu, kowa ya ja da baya, na'ura ta haska, a wanke fim ɗin a ga abin da ke cikin waldar. Da ɓangarena aka fara. Bayan kwana biyu foman ya kira ni a gaban leburori, ya ce waldata ta faɗi, in ɗauki gilashina in tafi. Na roƙe shi ya nuna mini inda ta faɗi. Ya ce fim ba na masu walda ba ne. Kafin azahar an manna takarda a ƙofar wurin aiki, da sunana a jiki.

Na biyu. Kafin in isa gida labari ya riga ni. A Gwarzo cewa aka yi na'ura ta kama Haladu. Wani dattijo da na daɗe ina yi wa gyaran garma ya aiko aka ɗauke amalankensa da na fara, aka kai wa wani. Ban ga laifinsa ba. Wa zai ɗora hatsinsa da iyalinsa a kan abin da aka ce zai ɓalle? Mahaifiyata ma sai da ta tambaye ni ko idona ne ya fara mutuwa. Na yi makonni ina buɗe rumfa ina rufewa, babu mai kawo ko da fartanya. Abin da ya fi damuna shi ne ni kaina ban san gaskiya ba. A ido waldar nan sumul take, kamar an zana.

Na uku. Allah ya kawo Injiniya Rabi, wadda ita ce ke karanta finafinan. Ita ta aiko aka nemo ni. Ta shigar da ni ɗakin aikinta, ta ja labule, ta ɗora fim a kan wani akwati mai fitila. Ta ce in riƙe abu ɗaya: duk inda ƙarfe ya cika, wurin yana fitowa da haske, duk inda aka bar rami, baƙi yake fitowa. Sai ta nuna mini ƙananan ɗigo baƙaƙe birjik, kamar an watsa gero. Ta ce iska ce ta maƙale a cikin narkakken ƙarfe, kuma sau da yawa wayar walda mai danshi ke jawo haka. Daga nan ta ɗauko finafinan sauran abokan aikina uku, waɗanda aka ɗauka bayan an sallame ni. Geron nan yana cikin na kowa. Ta ce hannu huɗu ba za su yi kuskure iri ɗaya a mako ɗaya ba. Da kanta ta je sito, ta tarar rufin yana yoyo, kwalayen wayar suna zaune a ƙasa sun sha ruwa. Da wannan wayar aka ba mu muka yi aiki.

Na huɗu, kuma ba zan ɓoye ba, domin ban zo wanke kaina tas ba. A mahaɗa biyu ta nuna mini wani baƙin layi miƙaƙƙe a tsakiyar waldar, kamar an ja da rula. Ta ce nan waldar ba ta ratsa har gindi ba, an lulluɓe sama an bar ƙasa a buɗe. A wata mahaɗar kuma akwai baƙi mai tsawo, bakinsa ba daidai ba. Ta ce ɓawon walda ne da ban kankare ba kafin in maimaita a kansa. Waɗannan ukun nawa ne. Na tuna ranar sarai. Hadari ya haɗu, ina sauri in gama kafin ruwa ya sauko, na matse tsakanin bututun, na rage gogewa. Na ce mata haka aka yi. Ta ce ta gode da ban yi gardama ba, ta kuma ce in gode wa Allah babu tsaga ko ɗaya, domin ita tsaga siririya take fitowa kamar gashi, kuma ita ce ke cin gaba har bututu ya fashe.

Aka mayar da ni aiki, aka kawo busasshiyar waya. Na gurje wuraren da injin gurza, na sake yin waldar a natse. Aka sake hoto. Ta kira ni na duba da idona: haske ne daga wannan baki zuwa wancan. Ranka ya daɗe, shekaru nake walda, ban taɓa ganin cikin aikina ba sai ranar. Ko garma nake haɗawa yanzu, hannuna ya canza.

Na biyar bai shafi sunana ba. Idan za a yi hoto, ana ɗaure igiya a kewaye wurin, a kafa allo da Turanci. Mu mutanen kiwo ne, na san hanyar da igiyar ke tarewa burtali ce. Da idona na ga mata masu kai abinci gona sun sunkuya ta ƙarƙashin igiyar, na ga makiyayi ya koro shanu har kusa da ita. Injiniya Rabi ta gaya mini hasken nan ba a ganinsa, ba a jinsa, amma yana cutarwa. Mutanen nan ba ƙin ji suka yi ba. Ba wanda ya gaya musu.

Saboda haka ga roƙona. A cire takardar da har yau take manne a ƙofa, a kuma sanar da gaskiyar magana a wurin da aka sanar da ta farko. Duk mai waldar da aikinsa ya faɗi, a nuna masa fim ɗinsa kafin a yanke masa hukunci. A gyara rufin sito, a sama wa waya wurin ajiya mai ɗumi. Ranar hoto kuma a sanar da mai unguwa da limami, a tsayar da mutum a kan burtali ya yi wa masu wucewa bayani da Hausa.

Roƙo na ƙarshe: na ji ana shirin sallamar mai kula da sito a kan wannan magana. Don Allah a saurare shi tukuna. Ya gaya mini ya kai ƙarar yoyon tun farkon damina. Na ɗanɗana kora ba tare da an ji ta bakina ba, ba na so wani magidanci ya ɗanɗana ta a dalilina.

Allah ya saka wa Injiniya Rabi da alheri. Kai kuma Allah ya ƙara maka lafiya da basira, ya haɗa ka da ma'aikata masu gaya maka gaskiya, ya sa a gama aikin nan lafiya, mutanen Garo su sha ruwa su yi maka addu'a.

Wassalam.

Naka,
Haladu Sale Kutama,
mai walda, Gwarzo.