Shanyar Inna

Zuwa ga Innata,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da mutanen Zoza baki ɗaya. Yaya ciwon gwiwar? Yaya Ja'afar zai karanta miki wannan, tunda kin daina ɗaukar wayata.

Inna, laifina ne. Na biyo gida da taɓon da muka haƙo daga ƙarƙashin teku a jirgin ruwan bincike, a ɗaure cikin leda, na tafi Karaye gaisuwa ban ce miki komai ba. Kika gan shi da danshi, kika ji tsoron kada ya yi fumfuna, kika baje shi a tabarma kamar gero. Na dawo na tarar ya bushe ya yi ja, na ɗaga miki murya a gaban maƙwabta.

Ga abin da ban yi miki bayani ba. Akwai ƙarfe a cikin taɓon. Can ƙasa inda iska ba ta kaiwa, haɗe yake da farar wuta, shi ya sa yake baƙi ƙirin. Da ya sha iska sai ya koma tsatsa, kamar fartanyar da aka bari a damina. Baƙin nake son aunawa a jami'a. Malamina ya ce in jira jirgin baɗi.

Shekara ɗaya ba ta dame ni ba kamar shirunki. Ina jin kunyar kaina, kuma ina kewarki ƙwarai. Ki yafe mini.

'Yarki,
Nuriyya

Zuwa ga Nuriyya,

Ina gaishe ki, ya karatu? Gwiwa da sauƙi. Ja'afar ne ke rubutawa, yana ta dariya, na ce ya kama kansa.

Ba fushi nake ba, 'yar nan. Kunya ce ta hana ni ɗaukar wayar. Ni da nake ganin gwaninta na yi, har sau biyu na juya shi don ya bushe sosai, na kuma zauna ina korar kaji.

Na yafe tun ranar. Kin ce in share in zubar, ban zubar ba. Wata biyu kika yi a kan ruwa, ni ina nan ko tuwo ba ya shiga, sannan in zuba shi a juji? Yana cikin sabuwar kwallata, na rufe ruf. Ko iska ba ta shiga yanzu.

Ki zo gida da Sallah.

Mahaifiyarki,
Ummu Hani