Buhu Goma Sha Biyu daga Gindin Gawo

Malam mai filin shawara, don Allah ka nuna mani abin yi, raina ya ɓaci, kuma duk Maraɗi ba ni da wanda zan iya gaya wa.

Ni dattijo ne. Na yi lakwal, makarantar Faransawa, tun zamanin da ake kama yara da ƙarfi, babu wanda ya wuce ni a ajinmu, amma abin da karatun ya ba ni shi ne riƙe wa Bature jaka da juya masa magana. Da ranin bara aka haɗa ni da wani matashin mushe, wato Bafaranshe, mai awon ƙasa. Aikinmu mu ɗebi ƙasar gonaki daga Tsibiri zuwa Jiratawa, a aika Dakar a auna, don hukuma ta san inda za a ƙara gyaɗa da inda za a bar saura, ƙasa ta huta.

A Tsibiri ya yi ƙoƙari. Da muka isa Jiratawa rana ta karya shi, ya zauna a inuwar gawo ya ce in haƙa nan inda yake ganina. Malam, wa bai san gindin gawo ba? Nan awaki ke wuni, nan ganye ke ruɓewa. Buhu goma sha biyu, duk daga gindin gawo! Na ce masa tsakiyar gonakin ta mutu, ya ce ba don in yi tunani aka ɗauke ni ba.

Ga abin da ke cin raina. Tsoho Maidawa, mai ɗaya daga cikin gonakin, ya zo da rairayi fari a tafinsa, ya hura, rairayin ya tashi, ya ce kakanninsa shekara bakwai suke barin irin wannan wuri ya huta. Rabin maganarsa kawai na juya wa mushen. Na gaji da tsawa. Kuma da hannuna na rubuta sunan gonarsa a jikin buhu.

Yanzu takarda ta dawo, wai ƙasar Jiratawa na da ƙarfi. Kumandan, Baturen da ke mulkin Maraɗi, ya ce bana babu saura, kowa gyaɗa. Mushen ya koma ƙasarsu, Maidawa ya daina amsa gaisuwata. In na yi magana a kore ni, in na yi shiru gonakin mutane su ƙarasa mutuwa da sa hannuna. Wannan ne amfanin lakwal?

Tsohon ɗan lakwal, Maraɗi

Amsa: Baba, fushinka na kan hanya. Wanda ya auna inuwa ya kira ta gona ya cuci mutane. Amma ka yi mani haƙuri, kai ma da hannunka a ciki, kuma ka sani, tunda ba ka ɓoye ba. Tsoron kora ba abin kunya ba ne ga mai iyali. Sai dai ruwa bai sauka ba, iri bai shiga ƙasa ba, saboda haka lokaci bai ƙure ba.

Fara da Maidawa. Ka je ƙofarsa ka gaya masa abin da ka gaya mani, ko da bai ba ka tabarma ba. Ku ɗauki mai gari shaida, ku haƙa tsakiyar gonaki, ku haƙa gindin gawo, kowace ƙasa da buhunta. Sannan ka rubuta wa kumandan da Faransancin nan naka, ba zagi, ba sunan kowa: ka ce an ɗebi ƙasa a inda bai dace ba, kana roƙon a sake awo kafin a raba iri. Ka kai buhunan tare da takardar, ya taɓa da yatsansa. Mai mulki ya fi saurin gyara kuskure idan ba a ce masa nasa ne ba.

Ba zan yi maka alkawarin za su ji ba, ko aikinka zai tsira. Amma ka tambayi amfanin lakwal: duk Jiratawa kai kaɗai ke iya rubuta wannan takarda. Sauran rabin maganar Maidawa na hannunka, ka isar wa kumandan da ita. Allah ya ba ka sa'a, ya ba mu damina mai albarka.