Wayoyi Biyun da Ka Liƙa a Juye

Zuwa ga Yaya Ɗahiru,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwar ƙanwa ga wanta, duk da na san inda kake ba a amsa sallama.

Tun rasuwarka ɗan jirgin samanka na rimot yake saman kabad a shagonmu na gyaran rediyo a Titin Koudoukou. Ba ka taɓa tayar da shi ba. Satin jiya na sauko da shi, na ce sai na ƙarasa maka.

Na tuna yadda kake ɗaure wayoyi da zaren ɗinkin Inna, ja na fiffiken dama, kore na hagu. Inna ta yi ta cigiyar zarenta, kai kuwa ka yi fuska kamar ba kai ba.

Na tuna ranar da aka kawo maka jiro daga Duwala, ɗan akwatin nan da ke daidaita jirgi idan iska ta karkatar da shi. Filogi bai samu a duk unguwarmu ta Kilomita Biyar ba, sai ka liƙa wayoyin da dalma. Kana yi kana cewa, “Yeke yeke, Hadiza, a hankali. Kafin a sake shi sama, a karkata shi a hannu tukuna.”

Na karkata shi, Yaya. Na kwantar da shi dama, maimakon leɓen fiffike ya tayar da shi, sai ya ƙara danna shi ƙasa. Da an sake shi haka, da ko ƙetare fili bai yi ba.

Na daɗe ina dubawa kafin na gane. Kullum gaban hancin jirgin kake zama, kana fuskantar ƙofa don kada mai saye ya wuce. Damarka ita ce hagunsa. Kai da ke yi wa kowa gyara, ga ka nan ka juya waya! Na yi dariya, daga baya na yi kuka.

Abin da ya tsayar da ni shi ne, ɗigon dalmar nan biyu su ne aikin hannunka na ƙarshe. In na bar su, jirgin ba zai tashi ba har abada. In na narkar da su, na shafe ka daga cikinsa. Inna ta ce in mayar da shi kan kabad, ita ganinsa ya ishe ta.

Amma kai ba don kallo ka haɗa shi ba. Yau da hantsi na ɗora ƙarfe mai zafi a kansu. Nan da nan suka narke, ko gardama ba su yi ba. Na musanya wayoyin na sake liƙa su, na karkata shi, ya miƙe daidai, ni kuma kewarka ta kama ni fiye da ranar jana'iza.

Ka yafe mini taɓa maka aiki. Allah Ya haskaka kabarinka, Ya yafe kurakuranka, Ya sada mu a Aljanna.

Ƙanwarka,
Hadiza