Keken Asiya Ya Tsaya a Gida

Zuwa ga Yaya Mansura,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau, ke da Malam da yara can Kumasi. Allah ya ƙara sauƙin ƙafar nan taki. Mu nan Gwadangaji kowa lafiya lau, alhamdu lillahi.

Yaya, gyara zama ki sha labari: keken ɗinkin ƙanwarmu marigayiya Asiya ba inda zai je! Mijinta Kalilu ne ya dage sai ya kai wa wata ƙanwarsa a Augie, wai ɗiyarsu Fiddausi, 'yar shekara sha bakwai, ba ta ɗinka komai sai kayan 'yan tsana, da ƙyallayen da teloli suka zubar. Yarinyar nan har ta rame, don keken ne kaɗai ya rage mata na uwarta. Ni kuwa kin san bakina. Na ce masa shi da ko maɓallin rigarsa bai iya ɗinkewa, ina ya san ɗinki? Da ƙyar ya yarda mu je Argungu wurin Baba Maliki, tsohon telan da ya koya wa Asiya, shi ya raba gardama.

Ranar Asabar muka je. Fiddausi ta fito da wani ɗan sojan roba da bai wuce tafin hannu ba, ta sa masa babbar riga da 'yar ciki da wando. Kalilu ya sunkuyar da kai don kunya. Tsohon ko kallon gaban rigar bai yi ba. Ya karɓi tsinken tsintsiya ya juya ta ciki waje, yadda yake yi wa masu koyo, ya kai ta bakin ƙofa wurin haske. Ya bi ɗinkin ɗaya bayan ɗaya, har aljihun da ƙwayar gero kaɗai ke shiga. Can ya ɗago ya ce, "Kalilu, rigar babban mutum tana ɓoye kuskure, wannan ba ta da inda za ta ɓoye shi. Hannun Asiya ne. Bar mata kekenta."

Ban san lokacin da na rangaɗa guɗa a shagon mutane ba. Washegari Kalilu da kansa ya sayo man keke.

Ki gaishe da Malam Sirajo da Zuhura da sauran yara. 'Yar rigar da ke cikin ambulan nan taki ce, in ji Fiddausi. Ki duba atamfar, za ki gane ta. Ragowar zanen da Asiya ta bari a aljihun keken ne.

Taki ƙanwa,
Adawiyya