Masu Tahowa Nawa Ne

Zuwa ga 'Yar Taga, sanyin idona, inuwar da nake hange da tsakar rana, ruwan farkon damina a kan busasshiyar zuciyata!

Ina rubuto miki ne daga ɗan akwatin gilashin nan na ƙofar wurin ajiye motoci, wanda in na buɗe hannuwa sai na taɓa bango da bango. In ɗaga ƙarfen tare hanya mota ta fita, in sauke, in sake ɗagawa. Kowa yana da inda za shi, ni kuwa kamar an dasa ni. Saƙonki yana aljihuna har ya fara yagewa: "Ka taho inda nake aiki mu yi aure, ko ka faɗa mini in daina jira." Wayyo, hasken raina! Wa ya gaya miki ƙafata tawa ce?

Kin tuna motar Baba? Duk hutu Gwaggo, mahaifiyarki, sai ta cusa ki cikinmu, ki kama taga ki ce jiri kike ji. An ce ƙarya fure take ba ta 'ya'ya, amma taki ta yi, don har muka girma ban taɓa zama gefe ba. Kullum ina tsakiya, kular abinci a cinya, gwiwar hannun Yaya a haƙarƙarina.

Ke kika ƙirƙiro wasan: motocin da suka wuce mu suka yi gaba naki ne, masu tahowa nawa. Da yake Baba tuƙin hawainiya yake yi, har tarakta sai ta wuce mu, ki daka tsalle ki ce, "Tawa!" Tirela kuwa ki rantse mota uku ce. In gardama ta kaure, Baba ya leƙo mu ta madubi ya ce, "Kai, ku bar ni in ji da hanya! Ba a sanin wanda ya ci sai na kashe mota." Ni ban damu da ci ba. Dariyarki nake kallo, da yadda iska ke wasa da bakin ɗankwalinki, har nawa su wuce ban gani ba.

Yanzu Baban nan mai leƙen madubi yana kwance, ɓarin jikinsa ya shanye. Ba ya yarda kowa ya yi masa wanka sai ni, ba ya karɓar cokali sai daga hannuna. Yaya ya yi nisa da iyalinsa, waya kawai yake bugowa ya ce, "Allah ya saka maka, ƙanena." Ashe har yau ina tsakiya! Dama Baba, hagu ke, ba taga ba ƙofa. In na taho, wa zai juya shi? In na zauna, ina zan kai wannan zuciya da ke kiran sunanki kamar ɗan tsakon da ya ɓace wa uwarsa? Ina sonki, tauraruwata, kuma ina jin tsoro. Ba zan yi miki alkawarin rana ba, don ranar da zan samu sakewa rana ce da ba na fatan gani.

Amma ki tuna tafiyarmu ta ƙarshe. A tsakiyar hanya motar ta mutu da kanta, aka jawo ta gida da igiya. Tana nan a tsakar gida kan duwatsu, kaji na ƙwai a kujerarki. Baba bai kashe ta ba, makullin ma yana ƙarƙashin filonsa. To, bisa dokarsa, wasa bai tashi ba.

Duk motar da ta fita ta ƙofar nan na bar miki, har da tirela, ki lissafa ta uku, ba zan yi musu ba. Ni ɗaya tak nake roƙo: wadda za ta taho, ta tsaya gaban ƙarfen nan, a sauke gilashi in ga fuskarki. Ki zo ki zauna tare da mu, taga taki ce. Ki bar ni ni ma, sau ɗaya a rayuwata, in ce, "Tawa!"

Naki, hannu a kan ƙarfe, ido a kan hanya, har ranar da numfashina zai ƙare,

Ɗan Tsakiya