Na Sa An Wanke Kwamfutar Sani

Daudawa, daren Talata

Yau na rama. Na shiga mota zuwa Faskari wurin mai gyara da kwamfutar da ɗana Sani ya aiko daga Abuja maimakon ya zo da ƙafarsa. Gwiwoyina har yanzu zugi suke yi, amma ban yi nadama ba.

Cike ta zo da tarkace. Wannan ya yi ƙara lokacin shan magani, wancan ya sanar da Sani in na kunna ta. Wato inji ya ɗauka ya riƙa duba masa ko ubansa na da rai.

Mai gyara ya ce, "Baba, in na sake zuba mata manhaja, komai zai tafi fa. Har hotunan jikokinka."

Na ce, "Wanke ta tas."

Bayan isha'i Sani ya kira a firgice. "Baba, lafiya? Kwamfuta ta daina nuna mini kai!"

Na ce, "Ai hanyar Daudawa tana nan." Na kashe wayar.

Ɗazu na kunna kwamfutar. Fes take, babu ko fuskar 'yar jikata mai giɓi. To, Sani ya kawo yarinyar in gani. Gobe zan share ɗakin baƙi, ko da a zaune ne.